Tuwon Alkama da Jimlar Malama

Wannan babin naki ne, Zainab, ko da yake na san yayanki Kabir zai riga ki karanta shi, don shi ba ya iya ganin rubutu ya wuce. Na ji abin da kika faɗa wa gwaggonki ranar da kuka zo gaisuwar salla, kina tsammanin barci nake yi a zaure. Cewa kika yi, "Baba ya goge Mama." Ban tanka ba a lokacin, don ba na iya doguwar magana da ke ido da ido. Idonki na uwarki ne, in kika ɗago sai in rasa ta inda zan fara. To ga shi a rubuce. Gaskiya ne na cire jimla ɗaya daga abin da mahaifiyarku ta rubuta a kundin ilimin nan na intanet, bayan rasuwarta, da hannuna, kuma da sunana. Ina so ki san yadda aka yi, daga nan ki yanke mani hukuncin da kika ga dama.

Abin ya faro ne shekarar da Malama ta aje aikin koyar da ilimin halittu a makarantar 'yan mata. Ni na riga ta ritaya da daɗewa, na gama da koyar da Hausa, na saba da zaman banza har na ƙware. Ita kuwa zaman bai karɓe ta ba. Ku duk kun tafi, ke kina Kaduna gidan mijinki, Kabir yana can wajen aikinsa, gidan nan na Ƙofar Durbi ya yi mana yawa. Sai ta tashi ta share tsakar gidan da aka riga aka share, ta tsaya gindin zogale tana duba ganye ɗaya-ɗaya kamar mai duba jarrabawa. Ana cikin haka wata rana Dakta Nura ya zo gaishe mu. Ɗan wata ƙawarta ne, matashi, yana koyar da ilimin sinadaran jikin mai rai a jami'a. Bayan an gama gaisuwa, an tambayi mutan gida da aiki da gajiya, sai ya zaro waya ya nuna mata wani shafi. Ya ce wannan kundi ne da kowa a duniya ke buɗewa ya karanta kyauta, akwai ɓangaren Hausa, ga abin da aka rubuta a kan ƙwayar halitta. Ta sa tabarau ta karanta. Layi biyu ne, ɗayan ma bai ƙarasa ba.

"Wanga ko 'yar aji ɗaya ta rubuto mani sai na ja mata kunne," in ji ta.

"To Mama, ki gyara."

"Wa zai ba ni izini?"

"Ba mai ba da izini. Kuma ba a biya, in gaya maki tun yanzu."

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malam, ka ji aikin da ya dace da ni. Koyarwa ce ba hedimasta."

Su Dakta Nura suna haɗuwa ne duk Asabar da hantsi, a wani aji da aka ara masu a Kambarawa. Akwai ɗalibai maza da mata, akwai wani mai haɗa magani, akwai Sista Rifkatu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya 'yar kudancin Kaduna, wadda ta daɗe a Katsina har Hausarta ta fi ta wasu 'yan cikin gari. Ni a matsayin direba na fara zuwa. In kai Malama, in zauna a bencin baya ina gyangyaɗi. Amma kin san halina. Na ji wani ɗalibi ya karanto jimla mai tsawon igiyar guga ba inda za a numfasa, na daure, na sake daurewa, daga ƙarshe na miƙe na ce, "Samari, wanga Turanci ne ya sa rigar Hausa." Aka yi dariya, aka matsa mani kujera. Tun ranar suka laƙaba mani Baba Waƙafi, kuma da sunan aka buɗe mani rajista a kundin. Malama ta zaɓi Zogale. Yadda aikin yake, kowace Asabar a ɗauki maƙala ɗaya da ta rame, wani ya kawo littattafai, wani ya rubuta, wani ya bi diddigi, ni in zo daga baya in sa wa Hausar mai. Doka biyu ce Dakta Nura ke maimaitawa har muka haddace: kowace magana sai da madogara daga littafi ko binciken masana, sannan shafi ba na kowa ba ne, wanda duk ya ga kuskure ya gyara. Ta farkon Malama ta yi na'am da ita. Ta biyun kam da baki kawai ta yarda, don in wani ya taɓa mata kalma sai ta wuni tana ƙorafi a kicin.

Ban taɓa jin daɗin zama da uwarku ba kamar a wannan lokacin, har da farkon aurenmu, Allah ya sani. Da hantsi in rana ta fara leƙowa ta kan katanga, sai ta shimfiɗa tabarma gindin zogale, ta jingina, ta riƙa karanta mani abin da ta rubuta. Ni da na yi shekaru ina kwana ɗaki ɗaya da malamar ilimin halittu, sai a tsufa na san abin da take koyarwa. Ta ce jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kowace ƙwaya da ganuwarta da ƙofofinta kamar birnin nan, ba mai shiga sai an san da zuwansa. Tana magana ina lumshe ido, inuwar ganyen zogale tana yawo a kan zanenta, kurciya tana kuka can bayan gida. Sai in ga kaina ina tafe cikin wani gari da ke cikin hannuna, ina bin lungu-lungu, ga masu dako suna wucewa da kaya a ka, ga maƙera, ga masu shara, kowa da aikinsa ba mai yi wa wani magana, kuma duk garin yana motsi a hankali cikin wani haske ja-ja irin na bayan fatar ido. In na yi nisa sai ta taɓa mani ƙafa.

"Malam, barci kake?"

"Ina Ƙofar 'Yandaka ta cikin hanta, yanzu zan dawo."

"To dawo ka sa mani waƙafi a nan."

Kin san ciwon suga ya daɗe a jikinta, tun kina makarantar kwana. Kin kuma san yadda alkama ta shigo gidan nan. A layin asibiti aka gaya mata, mata 'yan'uwanta masu ciwon, kowa ka tambaya maganar ɗaya ce: a bar shinkafa, a bar masara, a koma tuwon alkama, shi ba ya da sukari. Haka ake faɗa a gidan suna, haka ake faɗa a wajen niƙa, har yau haka ake faɗa. Ranar da aka fara tuƙa mata nata daban a ƙaramar tukunya, na ga ta zauna gefe guda da kwanonta, mu kuma muna cin shinkafa da miya. Na ce daga yau tukunya ɗaya za a ɗora. Kabir ya yi ta tsiya, wai tuwon yana kama haƙori kamar ƙaro. Ke kika ce ba komai, kika riƙa satar dafa taliya a ɗakinki, kina zaton ba mu jin ƙamshi. Ni kuwa na saba har na so shi. Ni ke zuwa sayen alkamar, ni ke tsayawa a kan mai inji kada ya haɗa mana da ragowar masarar wani. In na ga ta ci ta ƙoshi ta ƙara, sai hankalina ya kwanta, in ji kamar na tsare mata wata ƙofa.

Maƙala ta ƙarshe da ta yi ita ce ta sukarin jini. Lokacin ƙafa ta fara kumbura, ta daina zuwa Kambarawa, a gida take rubutu a wayarta, a hankali, da yatsa ɗaya. A nan ta rubuta sakin layin nan da kika haddace. Ta ce sukari a cikin jini kamar baƙo ne da ya zo ƙofar gida ya yi sallama, ba zai shiga ba sai an yi mashi iso, sinadarin insulin kuwa shi ne mai yin ison. In mai iso ya yi ƙaranci, ko mutan gida suka daina jin muryarsa, sai baƙi su taru a waje su cika hanya, wannan shi ne ciwon suga. Dakta Nura ya so ya ce salon ya yi kama da hira, ba irin na kundi ba ne, Sista Rifkatu ta ce ai ita tunda take aikin jinya ba ta taɓa jin bayanin da tsohuwa za ta gane irin wannan ba, a bar shi a sa madogara a ƙarƙashi. Aka bar shi. Can ƙasa, wajen maganar abinci, wata ranar Talata da ba kowa sai ni da ita, ta ƙara jimla ɗaya: "Alkama kuwa, ba ta da sukari, mai ciwon zai iya cin tuwonta ya ƙoshi ba fargaba." Ta miƙo mani wayar, na karanta, na ce ta yi kyau. Waƙafin da ke bayan "kuwa" ni na sa shi. Ba ta sake rubuta komai ba bayan wannan. Damina na tsakiya ƙoda ta gaza, Allah ya karɓi abarsa.

Bayan an watse daga zaman makoki, kun koma, gidan ya yi shiru irin wanda har kunne ke ciwo. Abin da ya riƙe ni shi ne shafin nan. Kullum da hantsi in ɗauko tabarmar, in shimfiɗa inda take shimfiɗawa, in buɗe maƙalar sukarin jini in karanta da ƙarfi tun daga sama. Muryarta na ciki, Zainab, har inda take jan numfashi ina ji. In na zo kan baƙon da ke jiran iso sai in ga zaurenmu, in ga wani tsaye da farar riga yana sallama, ita kuma tana tahowa daga cikin gida tana gyara mayafi. In na iso jimlar alkama sai in ji ƙamshin tuwon, in ji ƙarar muciya a tukunya. Jimlar nan ita ce ta ƙarshe da ta fito daga hannunta, kuma duk zamanmu na shekarun ciwon yana cikinta. Wata rana na lura an liƙa wasu 'yan ƙananan kalmomi a ƙarshenta, cewa ana buƙatar madogara. Na gane abin da ake nufi. A ƙa'idar aikinmu, magana in ta rasa madogara, bare ta shafi lafiyar mutane, ba ta daɗewa a shafi. Amma wannan ta zauna wata da watanni ba wanda ya taɓa ta. Kara su Dakta Nura suke yi mani. Duk Asabar ina zuwa, a gyara maƙalar hanta, a gyara ta jini, a gyara ta yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana, in an zo kusa da sukari sai wani ya ce lokaci ya ƙure. Ni ma ban tambaya ba.

Alhaji Mamman ne ya farkar da ni, shi kuma bai ma san ya yi ba. Kin san shi, abokina mai sayar da huluna a Ƙofar 'Yandaka, wanda ke ce maki amaryarsa tun kina rarrafe. Ba a daɗe da gano mashi ciwon suga ba. Na biya ta rumfarsa bayan azahar, na iske an kawo mashi abinci daga gida, ya buɗe kwano, malmalar tuwon alkama a jere manya-manya, wanda ni da Malama tare ba za mu tashi da shi ba. Na ce, "Alhaji, kai da aka ce ka rage?"

"Rage mi? Ai ni na samu lahiya, Malam Lawal. Ɗana ya karanto mani a waya, cikin kundin nan naku na masana. Tsaya ka ji, na ma haddace."

Ya ɗaga yatsa sama, ya ce, "Alkama kuwa," ya ɗan tsaya daidai inda na sa waƙafin, "ba ta da sukari, mai ciwon zai iya cin tuwonta ya ƙoshi ba fargaba." Ya yi dariya ya kai loma. Bai san wa ya rubuta ba, don a kundin ba a sa suna a gaban shafi. Ni kuwa ina zaune a kan benci, hulunan da ke rataye suna juyawa a hankali cikin iska, na ji maganar matata ta fito daga bakin abokina, da tsayuwarta da komai. Daɗi ya fara zo mani, wallahi, don na yi kewar jin wani ya faɗi kalmominta. Sai na dubi ƙafarsa da ya miƙe a kan tabarma, na dubi kwanon, daɗin ya koma tsoro.

Ban jira Asabar ba. Washegari na tafi Kambarawa gidan Sista Rifkatu. Ta fito da kujera ƙofar gida, muka gaisa, ta tambayi yara, na tambayi jikokinta. Daga nan na ce, "Sista, ina so ki gaya mani gaskiya a kan alkama."

"Baba, na zo gidanka da maganar nan ba sau ɗaya ba, in na ga tabarmar nan gindin zogale sai in koma da ita. Alkama hatsi ce kamar sauran. Sitaci ne a cikinta, jiki kuma shina mayar da sitaci sukari. Wadda ba a cire wa dusa ba ta ɗan fi, amma ba a ce a ci a ƙoshi ba. Yawan da aka ci shi ne magana."

"To ita Malama ba ta sani ba? Ita hwa ta koyar da wanga abu."

"Ta sani a aji. Amma mai ciwo shina so a ce akwai abinci ko guda ɗaya da bai zama abokin gabansa ba. Na ga likitoci ma sun yi haka da kansu." Ta share ido da gefen ɗankwali. "In kana shakka, kada ka ɗauki tawa. Ka karanta abin da ita ta rubuta a kan yawu."

Na san maƙalar, ni na gyara mata Hausa. Tun farkon shigarmu ta yi ta. A ciki ta yi bayanin wani sinadari da ke cikin yawun mutum, wanda ke fara farfasa sitaci ya mai da shi sukari tun abinci na baki. Har ta gaya mani yadda take gwada wa ɗalibanta: a ba kowace yarinya gutsuren abinci mai sitaci ba miya ba gishiri, a ce ta yi ta tauna kada ta haɗiye, ta ɗaga hannu in ta ji ɗanɗano ya sauya. Da na koma gida na iske gwaggonki ta aiko da tuwo kamar kullum, don har lokacin alkama ake tuƙa mani, ban iya canzawa ba. Na zauna gindin zogale da la'asar sakaliya. Na gutsuri loma ɗaya, ban taɓa miya ba, na sa a baki. Na yi ta tauna. Da farko ba komai sai ɗanɗanon da na sani, na dusa da ɗan hayaƙi. Rana tana sauka, inuwar katanga tana tahowa kan tabarma, wasu tsuntsaye suna ta kai da kawo a kan reshe. Na ci gaba da tauna ina roƙon Allah a zuciyata kada komai ya sauya. Can sai ga shi ya taso daga gefen harshe, siriri, kamar an ɗiga ruwan rake daga nesa. Zaƙi. Na zauna da shi a baki na kasa haɗiyewa, hawaye na zuba a kan rigata. Na ji kamar tana gaban allo da alli a hannu tana jiran in ɗaga hannu, ni kaɗai a ajin.

Ki fahimce ni da kyau a nan. Ban ce alkama ce ta kashe uwarku ba, kwananta ne ya ƙare, kuma ciwon ya daɗe yana cinta. Abin da ya yi mani zafi shi ne ƙofar nan da nake zaton ina tsare mata duk shekarun, ashe a buɗe take. Cire jimlar yana nufin in yarda da wannan, shi ya sa na fi kowa son a bar ta.

Ranar Asabar na ce a buɗe maƙalar sukarin jini. Dakta Nura ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Baba, ka bari in cire da sunana bayan ka tafi. Ba sai ka gani ba."

Na ce a'a. Akwai ma wata hanyar da ban gaya mashi ba, wadda na kwana biyu ina juyawa. Wayar Malama na cikin aljihuna, rajistarta a buɗe, ba a taɓa fita ba. Kin san kundin yana aje tarihin duk gyaran da aka yi, da sunan wanda ya yi. Da na yi gyaran daga wayarta, tarihin zai nuna Zogale ce ta dawo ta gyara kuskurenta da kanta, ba mai cewa an goge ta, ke ma da ba ki yi fushi da ni ba. Na so hakan ƙwarai. Amma ƙarya ce, kuma matar da ta ƙi ƙara wa 'yar hedimasta maki ɗaya ba za a sa ta yi rubutu daga kabari ba. In bar wa Dakta Nura kuma, ban iya ba. Jimlar nan a gabana aka haife ta, ni na ce ta yi kyau, ni na sa mata waƙafi. In hannu zai taɓa ta, to ya zama hannun da ya san nauyinta.

Sista Rifkatu ta kawo littafin da za a dogara da shi, mai haɗa magani ya duba, ɗalibai suka tsaya a bayana ba mai motsi. Na shiga da sunana. Na sa yatsa na share kalmomin ɗaya bayan ɗaya daga ƙarshe, "fargaba" ta fara tafiya, "alkama" ta tafi a ƙarshe. A gurbinsu na rubuta cewa alkama ma tana da sitaci kamar sauran hatsi, jiki yana mayar da shi sukari, don haka mai ciwon ya kula da yawan da yake ci, ya bi shawarar likitansa. Jimla ce mara daɗi, na sani, ba ta da ƙamshin komai. Akwai ɗan gurbi da ake rubuta dalilin gyara kafin a aje. Dakta Nura ya ce in sa "gyaran bayani" ya isa. Na rubuta, "Na gyara, Malama. Ki yi haƙuri." Shi ne abin da kika gani a tarihin shafin, sunana a saman nata, da jan lamba mai nuna an rage. Kika kira ni kina kuka, kika ce ko shekara ba ta yi ba. Daga nan kika kashe wayar.

Daga Kambarawa ban zarce gida ba, Ƙofar 'Yandaka na nufa. Na ce wa Alhaji Mamman ya sa ɗansa ya sake karanto mashi shafin. Ya ce mu 'yan boko ba mu da tsayayyar magana, jiya kaza yau kaza. Na ce haka ne, kuma wadda ta rubuta ta jiyan matata ce, ni na rubuta ta yau. Ya rufe kwanon. Har yanzu yana nan da ƙafafunsa biyu, yana cin rabin malmala yana zagina.

Abin da na rasa kuwa, na rasa shi. Ina nan ina shimfiɗa tabarmar da hantsi, ina karanta shafin, amma in na iso wajen abinci muryarta sai ta yanke, in ji tawa, busasshiya, ta tsohon malamin nahawu. Ƙamshin tuwon ya daina zuwa. Na kuma rasa hirarki, wadda ta fi wancan zafi, don tun ranar da kika kira ni, gaisuwa kawai muke yi, ki tambayi jiki in ce da sauƙi.

Da na bar maganar har in mutu, don ban saba kare kaina gaban 'ya'yana ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne mijinki ya kira ni watan jiya. Kada ki yi mashi faɗa, tsoro ne ya sa shi. Ya ce an auna ki an ga sukarinki ya hau, kin ce kada a gaya mani. Ya ce tun ranar kin sa an sayo buhun alkama, kin ce abincin Mama za ki koma, kuma kina ci kina ƙarawa kamar yadda kika ga tana yi.

Zainab, na san kin rantse ba ki ƙara buɗe shafin nan. Ki buɗe. Baƙon nan da ke jiran iso yana nan inda ta bar shi, ban taɓa ko wasali ɗaya ba, ki karanta ki ji uwarki. Sannan ki daure ki gangara ƙasa inda muryar ta koma tawa, ki karanta wannan ma. In ba ki yarda da ni ba, ki gutsuri loma ɗaya ba miya, ki zauna inda ba mai damunki, ki yi ta tauna. Ita za ta gaya maki da kanta. Daga nan ki rage tuwon, 'yar nan, ki je ki ga likita, ki ci gaba da fushin da ni in kina so. Ni dai ki daɗe kina yi.